Tsoron naƙuda ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ina da ciki wata shida, na biyu ke nan, kuma tun da ya fara motsi barci ya ƙaurace wa idona. Haihuwar fari na sha wuya. Kwana biyu na yi ina naƙuda a ɗakin mahaifiyata ina cije baki, don an ce kukan haihuwar fari abin gori ne har tsufa. Da aka ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai ni asibiti cikin dare. A can aka yi ta daka mini tsawa, wata ta danne mini ciki, aka yi mini ƙari, aka ɗinke ni ina jin shigar allura da fitarta. Yaron yana nan lafiya, ya shekara uku, amma ni ko warin asibiti na ji sai gabana ya faɗi. 'Yar ƙanwar babata da ke aure a Ingila ta turo mini wasu muryoyi ta waya, na wata dabara da suke kira hifnobatin. Ta ce da ita ta haihu ko uffan ba ta ce ba, kuma in na iya ta zan haihu a ɗakina ba tare da ciwo ba. Maigidana ya ce bai yarda ba, wai abin ya yi kama da tsubbu, za a juya mini hankali. Anti, da gaske tana hana ciwo? Akwai laifi a ciki? In na koya, zan iya haƙura da asibiti?

'Yar'uwarku daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu ƙwarai.

Kafin mu shiga zancen muryoyin nan, ina so ki ji wannan daga bakina: ba raki ke damun ki ba. Mace ta kwana biyu a kan gwiwa, a kai ta inda take sa ran sauƙi a tarbe ta da tsawa, a ɗinke ta ba maganin kashe zafi, ai dole jikinta ya riƙe abin ko bakinta bai furta ba. Kuma ba haka aka ce a karɓi haihuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin kula da mai naƙuda da ta fitar a 2018, ta hana danna cikin mace don a turo jariri, ta ce kada a mayar da ƙari al'adar da ake yi wa kowa, in kuwa ya zama dole to da yardar mai jiki da allurar kashe zafi a wurin. An tauye miki haƙƙi, tsoronki yana da tushe.

Amsata a dunƙule ita ce: ki koyi dabarar nan ta numfashi da sakin jiki, tana da amfani, ban ga tsubbu a cikinta ba. Ba ta ɗauke ciwo ƙaf. Kuma asibiti za ki tafi da ita.

Asalin abin daga wani likitan mata ne ɗan Ingila, Grantly Dick-Read, wanda ya fara wallafa ra'ayinsa a 1933. Ya lura cewa tsoro kan sa mai naƙuda ta ɗaure jikinta, ɗaurewar ta ƙara mata ciwo, ciwon ya ƙaro tsoro, a yi ta zagaye a haka har ta galabaita. Daga baya wata malama 'yar Amurka, Marie Mongan, ta ɗauki wannan tunani ta tsara shi darasi-darasi wajen 1989, daga nan ya bazu, har ya zama a yau mata da yawa a Ingila suna koyon sa kafin watan haihuwarsu ya tsaya.

Dalilin da ya sa maganar ke da ƙamshin gaskiya yana cikin jikinmu. Mahaifa tsoka ce, kuma wani sinadari da ake kira oksitosin ne ke sa ta murɗawa tana buɗe bakinta sannu a hankali, har ya kai santimita 10 jariri ya samu hanya. Jiki yana kuma fitar da nasa maganin rage zafi, endofin. Idan mace ta firgita, sai adirenalin ya hau, sinadarin gudun ceton rai, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya gajarce, naƙudar kuma tana iya ja baya ko ta rikice. Duk wadda ta yi kiwo ta san akuya in haihuwa ta zo mata lungu take nema, in yara suka kewaye ta da hayaniya sai ta miƙe ta fasa, sai wurin ya lafa ta koma. Dabarar nan gaba ɗayanta koya wa jiki ne ya daina jin kamar kura ce ta biyo shi alhali haihuwa yake yi.

Game da ciwo kuwa, kada in yi miki alkawarin da ba zai cika ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken likitoci ta tace shi, ta duba gwaje-gwaje 9 da suka haɗa mata 2,954 a 2016. Ta ga alamar cewa waɗanda suka koyi dabarar ba su kai sauran neman maganin kashe zafi ba, amma wajen allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya babu wani bambanci, haka ma wajen yawan masu haihuwa da kansu. Wani gwajin da aka yi a arewa maso yammacin Ingila da mata 680 masu cikin fari, aka fitar da sakamakonsa a 2015, ya fi kusa da matsalarki. Zama biyu kawai aka yi da su, a wajen sati na 32 da na 35, aka ba su faifai su riƙa sauraro kullum a gida. Ciwon da suka ji bai bambanta da na sauran ba, amma bayan sun sauka sun ce tsoro da fargabar da suka ji a ɗakin haihuwa bai kai yadda suka zata ba. To ke ma ai tsoron ne ya hana ki barci. 'Yar'uwarki ba ƙarya ta yi miki ba, akwai matan da Allah ke kawo wa abin da sauƙi haka. Sai dai haihuwarta tata ce, kada ki auna taki da ita, har ranar ta zo ki ji zafi ki ce ke ce ba ki iya ba.

Maigidanki kuma kada ki yi fushi da shi, kishin addininki da hankalinki yake yi. Tunaninsa ya tafi ga masu wasan da ke sa mutum barci a gaban jama'a su juya shi yadda suka so. A nan babu mai juya kowa. Ke ce ke numfashin, ke ce ke sakin jikin, idonki biyu, kina jin duk abin da ake faɗa, kuma duk sanda kika ga dama za ki buɗe ido ki tashi. Babu kiran wani abu, babu layu, babu sha babu shafawa. Kin san yadda mutum kan nutse cikin sauraron karatu har a yi sallama bai ji ba, alhali ba barci yake ba? Iyakar zurfin abin ke nan. Ki zaunar da shi ku saurari muryoyin tare, in Turancin ya yi nauyi 'yar'uwar taki ta fassara muku. Wasu suna zuwa da kiɗa, wasu da kalmomi irin su “jikina ne mai iko da komai”, waɗanda ba za su kwanta wa mai tawakkali a rai ba. Ki ajiye su, ba su ne ginshiƙin ba. Ki sa zikirinki a gurbinsu. In har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ku kwatanta wa malamin da ya yarda da shi ainihin abin da ake yi, ya ba ku fatawa a kan aikin.

Ga inda na fi so ki ba ni hankalinki, domin nan ne mu matan Hausa muke da tamu damuwar daban. An rene mu a kan cewa jarumar mace ita ce wadda aka wayi gari aka ji kukan jariri ba a ji motsinta ba. Shi ya sa nake tsoron ki ji an ce 'yar'uwarki ko uffan ba ta ce ba, ki ɗauka irin shirun da kika yi a ɗakin mahaifiyarki ne ake nufi, sai dai a ƙara ƙoƙari. Ki tuna yadda kika yi wancan shirun. Haƙora a datse, hannu a dunƙule cikin zanin gado, kafaɗu a ɗage har kunne, numfashi a riƙe sai ciwon ya lafa ki sauke shi da haki. Mutanen gida sun ga mai kunya, amma ke kaɗai kika san kokawar da kowace gaɓa taki ke yi da abin da mahaifa ke son aikatawa. Wannan dauriya ce, kuma ita ce ainihin ɗaurewar jikin da likitan nan ya ce tana ninka ciwo. Mai natsuwa tana iya yin shiru, tana iya yin gurnani, tana iya salati da ƙarfi. Ana gane ta ne a muƙamuƙinta da tafin hannunta, a sake suke, kuma iska tana shiga tana fita ba ta tsaya ba.

Saboda haka ki cire wa kanki dokar shiru tun yau. In sauti ya zo, ki bar shi ya fito tare da numfashi, mai kauri daga ƙasan ƙirji, irin wanda ke sauke kafaɗa. Ihu mai tsini daga maƙogwaro ne ke gajiyarwa, shi ma in ya kuɓuce ba abin kunya ba ne. Ki karanta Suratu Maryam daga aya ta 23 zuwa ta 26. Naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, ga zafi ga tunanin abin da mutane za su ce, har ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a zarge ta kan wannan furuci ba. An ce mata kada ta yi baƙin ciki, an nuna mata ruwa, an ce ta girgiza dabino, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. In zaɓaɓɓiya cikin mata ta furta abin da ke ranta a wannan hali, wace ce za ta yi miki gori don kin ce wayyo?

Yanzu aikin kansa. Ki ware minti 15 zuwa 20 kullum, lokacin da gida ya yi tsit, bayan isha ko bayan yaro ya tafi makaranta. Ki kwanta ta gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyinki, ko ki jingina, don a watannin nan kwanciya rigingine tana danne manyan jijiyoyin jini. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki ji cikin ya taso, sannan ki sake ta a hankali ta baki kina ƙirga takwas. In takwas ya yi tsawo ki fara da uku da shida, abin da ake so dai fitar ta fi shigar tsawo, don dogon fitar numfashi ne ke rage gudun zuciya. Kina yi kina bin jikinki daga sama: goshi, ido, muƙamuƙi, harshe ya sauka daga ganɗa, kafaɗu, yatsu, mara, cinyoyi. Duk inda kika tarar a ɗaure ki sake shi tare da fitar iskar. Da yawa suna jin daɗin maye gurbin ƙirgar da zikiri, a ja iska shiru, a sake ta da Hasbunallahu wa ni'imal wakil a hankali. Tsawonsa ya yi daidai.

Ki lura da lissafin nan, don shi ne zai riƙe ki ranar. Murɗawa ɗaya, ko naƙuda ta kankama, kamar minti ɗaya take yi, da wuya ta wuce ɗaya da rabi, sannan ta sake ki. Numfashi irin wanda na kwatanta guda biyar ko shida ya cinye ta. Ke nan ba naƙudar kwana za ki fuskanta ba, numfashi biyar ne a gabanki, sai hutu, sai wasu biyar. A wancan karon na tabbata ko lokacin hutun a ɗaure kika yi shi kina jiran mai zuwa, shi ya sa ƙarfinki ya ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba. Hutun nan naki ne, ki kurɓi ruwa, ki saki jiki kamar babu wata mai zuwa. Don ki saba, wani lokaci ki damƙi ƙanƙara a hannu na minti ɗaya, sau ɗaya kina cije baki, sau ɗaya kina numfashin, ki ji bambancin da kanki.

Ki zaɓi wadda za ta raka ki tun yanzu, ku riƙa yin atisayen tare. Ta ɗora hannu a kafaɗarki daidai lokacin da kike sakin iska, kullum haka, har jikinki ya haddace cewa wannan hannun yana nufin a saki. Ta koyi murza miki ƙasan baya da tafin hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: binciken da aka tattara a 2017 kan mata sama da 15,000 ya nuna cewa wadda ke da mai tsaya mata daga farko har ƙarshe naƙudarta ta fi gajarta, kuma ba ta kai sauran kaiwa ga tiyata ba. Yawancin ɗakunan haihuwa na gwamnati a wajenmu gadaje ne a jere, ba a barin namiji ya shiga, don haka mace za ki nema. Ki zaɓi mai sanyin rai da iya magana da ma'aikata, ko da ba ita ce mafi kusa da ke ba. Wadda za ta ce miki “daure mana, kada ki ba mu kunya” ta jira a gida ta dafa ruwan wanka. Haka masu labarin wance da ta mutu a kan gwiwa, ki ce musu cikin ladabi a bar zancen sai kin sauka.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ce ta fi cin ranki. A'a, ƙanwata, ba za ki haƙura da asibiti ba, kuma ina roƙon ki da ki ji ni. 'Yar'uwarki in ma a gida ta haihu, a ƙasarsu ungozoma mai horo ce ke zuwa gidan da kayan aikinta da magunguna, motar asibiti kuma tana jiran kira. Numfashi yana maganin tsoro. Ba ya tsayar da jini in ya ɓalle bayan haihuwa, wanda yake kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu jego a duniya, kuma allurar oksitosin da ake yi wa mace da zarar jariri ya faɗo ce ke rage haɗarinsa. Ba ya sauke hawan jinin da ke kawo jijjiga. Ba ya gyara kwanciyar yaron da ya zo a gicciye, kuma doguwar naƙuda a gida ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Ki kuma nisanci allurar naƙuda ta kemis da jiƙe-jiƙen zaƙi da ba a san ƙarfinsu ba, suna iya sa mahaifa murɗawa fiye da ƙima.

Akwai wani abu da matan gwajin Ingila suka koka da shi wanda ya shafe ki kai tsaye. Wasunsu sun isa asibiti a natse har ungozomomi suka ɗauka naƙudar ba ta yi nisa ba. Ke da kika saba ɓoye ciwo, wannan tarko ne gare ki. Ki buɗe baki ki ce: “Malama, haihuwata ta biyu ce, ciwon yana zuwa duk minti kaza, numfashi nake yi shi ya sa kika gan ni shiru, don Allah a duba ni.” Ki kuma sani ciki na biyu ya fi na fari sauri a mafi yawan mata, hanya ta riga ta buɗu sau ɗaya. Da ciwo ya fara zuwa a jere yana ƙara ƙarfi, ko faya ta fashe, ki kama hanya. Jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, ruwa kore ko mai wari, raguwar motsin yaro, ko naƙuda kafin sati 37, waɗannan ba a yi musu numfashi a gida, ko tsakar dare ne a tafi.

Ba lallai ki koma inda aka wulaƙanta ki ba. Kina da wata uku a hannu. Ki tambayi matan unguwa inda suka ji daɗin karɓar haihuwa, ki mayar da awonki can, kada ki tsallake ko ɗaya. Ki faɗa wa mai awon abin da ya faru a haihuwar fari, ki nemi a rubuta a katinki, ki roƙi a nuna miki ɗakin haihuwar da rana tsaka kina lafiya, ki tsaya a ƙofar ki yi numfashinki biyar, don warin nan ya fara rabuwa da wancan daren. Ki tambaya ko suna barin mai rakiya, ko za ki iya zagayawa da shan ruwa, ko za su bar ki ki durƙusa ko ki kwanta ta gefe in hakan ya fi miki. Durƙuson da kakanninmu suka saba yana cikin abin da ƙa'idojin 2018 suka yarda mace ta zaɓa, kuma sun ce a bar ta ta yi nishi lokacin da jikinta ya nema. Akwai ungozomomi masu tausayi da yawa, aiki ne ke yi musu yawa, kuma macen da suka saba da fuskarta a wajen awo ba baƙuwa ba ce ranar haihuwa. In likita ya ce sai ruwan naƙuda ko sai tiyata, ki tambayi dalili, ki yarda, ki ci gaba da numfashinki a kan gadon, yana aiki a can ma. In akwai maganin rage zafi kuma kina so, ki karɓa.

In kuwa wancan daren yana dawo miki a mafarki, ko da rana ki ji kamar yanzu ake yi, ko kuka yana zuwar miki ba dalili, ki faɗa wa likita a awo mai zuwa. Ciwo ne sananne da ke bin haihuwa mai wuya, ana maganinsa ta hanyar zama da masani, kuma gara a fara kafin watanki ya tsaya. Haka in kin taɓa fama da taɓin hankali, ki sanar da likita kafin ki zurfafa a atisayen.

Maigida kuma ga nasa rabon: kuɗin da za a ajiye gefe, lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗaga waya cikin dare, mutum ɗaya ko biyu da za su iya ba da jini in an nema, da izinin tafiya asibiti tun yanzu ko ba ya gida. Ki ba shi amsar nan ya karanta, sannan ku sa ranar da zai raka ki ganin asibitin.